KUTUTTURE MAI RAI

Darasi domin iyaye da malaman Makarantar Lahadi

A karanta: Farawa 2:8-20; Fitowa 23:10-11; Kubawar Shari'a 22:6-7; Ayuba 14:7-9.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, darasinmu na wannan wata a kan ƙananan yara ne, watau 'yan shekara 4 zuwa 10, da yadda za mu koya musu su kula da itatuwa da tsuntsaye da namun daji, har su taimaki ƙasar da ta gaji ta komo da ƙarfinta. Maganar ta shafi dukan Ekklesiyoyi, amma ta fi matsa mana, mu na ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa. Bari mu duba dalili tukuna.

1. Abin da ya same mu

Dattawanmu sun tashi da daji a bayan gida. Yaro ɗan shekara 7 ya san kanya da ɗinya da taura da tsada da gwandar daji, ya san lokacin nunar kowace. Ya san kukan fakara, ya san sawun zomo da na gada. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana bin yayyensa kiwo, yarinya kuma tana bin uwarta itace da tsintar kaɗanya, a hanya suke koyo.

Abu biyu suka raba yaranmu da wannan sani. Na fari, dajin ya ja baya. Mutane sun yi yawa, gonakin masara da auduga da dawa sun ci wurin da dā kurmi ne. Masu gawayi sun bi kirya da marke, har kaɗanya ba su bari ba. Inda itace ya ƙare ruwa yakan kwashe ƙasa, ya bar kwazazzabo a tsakiyar gona.

Na biyu kuwa, tsoro. Dajin Rugu da ya bi iyakar Katsina da Zamfara, da dajin Kogo na ƙasar Faskari, da dazuzzukan da suka haɗa Sabuwa da Birnin Gwari, duka 'yan bindiga sun mai da su maɓoya a shekarun nan. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Kankara aka shiga da su daji. A cikin wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta sa dajin Kogo cikin gandaye 10 da za a ɗaukaka su zama na ƙasa baki ɗaya, amma wace uwa ce ta iya sakin ɗanta ya je ya gani? Saboda haka muna da yara waɗanda in an ce musu "daji", bindiga kaɗai ke zuwa zuciyarsu.

Ku lura da haɗarin da ke ciki. Mutum ba ya kewar abin da bai taɓa sani ba. Yaron da bai taɓa shan ɗinya ba, ran da ya girma ya ga ana sare ta ƙarshe a garinsu, ba zai ce uffan ba.

2. Abin da aka gani a Maradi

Wani zai ce, "Abin da ya tafi ya tafi." Kafin mu yarda da wannan, sai mu leƙa wurin 'yan'uwanmu Hausawa na ƙasar Maradi, a Jamhuriyar Nijar, waɗanda ke arewa da Katsina ta hanyar Jibiya. Ruwan da suke samu bai kai namu ba ko kusa. Fari na 1973 da na 1984 ya buge su ƙwarai, gonakinsu kuwa sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi.

Akwai wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo. Ya yi ta renon itatuwa yana kai wa ƙauyuka dashe, amma galibinsu suna mutuwa: awaki su ci, gara ta ci, rana ta ƙone sauran. A 1983 ya tsaya ya dubi ƙananan tsire-tsiren nan da ke ko'ina cikin gonaki, waɗanda manoma ke sarewa su ƙone kowace bazara a lokacin sharar gona. Ashe toho ne na itatuwan da aka sare tun dā. Kututturen yana nan, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda laima take. Kowace shekara tana turo toho, kowace shekara ana sarewa.

Dabarar da aka bi ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so. Cikin tohon da ya fito ya bar masu ƙarfi, kada su wuce 5, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu ƙananan rassa na ƙasa, har zuwa rabin tsayinsu. Ya kāre su daga wuta da dabbobi. Ke nan. Da yake saiwar babba ce, tohon yakan yi saurin girma fiye da dashe nesa ba kusa ba. Mutanen can suna kiran wannan aiki "sassaben zamani".

Da fari an yi wa masu yi dariya, gama a ganin mutane manomin kirki shi ne mai gona tas. A yunwar 1984 mutane da yawa suka yi aikin domin a ba su hatsi, da aka daina rabo kuwa da yawa suka sare abinsu. Amma waɗanda suka bar nasu suka fara samun itacen girki da harawa da taki a cikin gonarsu, maƙwabta kuma suka gani. Gani ya kori ji. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta aikin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, galibinsu ba dasa su aka yi ba.

Har namun daji ma ana komo da su. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya ragu har saura 49 a 1996, dukansu a wajen Kure, kusa da Yamai. Aka hana kashe su, suka hayayyafa suka wuce 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maradi, inda rabonsu da wurin ya kusa shekara 50. Abin da mutanen duniya ke nufi ke nan da mai da daji: mutum ya janye hannun ɓarna, ya ɗan taimaka, ya bar halitta ta yi sauran.

3. Abin da Littafi ya koya mana

A Farawa sura 2, aikin fari da aka ba mutum shi ne noman gonar da kuma tsaronta. Abu biyu ne, mu kuwa mun riƙe na farin mun saki na biyun. A cikin surar nan kuma aka kawo wa Adamu dabbobi da tsuntsaye ya raɗa musu suna. Sanin suna shi ne mafarin riƙon amana. Makiyayin da bai san sunan shanunsa ba, ba zai san ran da ɗaya ta ɓace ba.

A Fitowa 23 an umarci Isra'ilawa su bar gona ta huta a shekara ta bakwai. Abin da ya fito don kansa, matalauta su ci, ragowar kuma ta zama ta namun jeji. Ashe, a cikin shari'ar Allah namun daji ma suna da rabo a gonar mutum. A Kubawar Shari'a 22, wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu an hana shi ɗaukar uwar tare da 'ya'yan. Hikimar a fili take: in an bar uwa, baɗi akwai tsuntsu.

Ayuba kuwa, a tsakiyar ciwonsa, ya tuna da kututture. Ya ga itacen da aka sare bai yanke ƙauna ba, ko da saiwarsa ta tsufa, da ya sansana ruwa sai ya sake toho. Abin da manoman Maradi suka gani da idonsu, an rubuta shi tun dā.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Kakanninmu da yawa sun bar tsamiya da kuka da wasu kurame ba su taɓa ba, domin suna tsoron iskokin da aka ce suna zaune ciki. Tsoro ne ya tsare waɗannan itatuwa. Mun gode wa Allah da ya 'yantar da mu daga wannan tsoro. Amma in tsoro ya fita ba a sa kome a gurbinsa ba, gatari ne zai shiga. Tilas mu koya wa yaranmu dalili mafi kyau: itacen na Ubangiji ne, mu masu jiran kaya ne, za a kuwa tambaye mu.

4. Yadda za a koya wa yara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin yaro ba ya koyo da dogon jawabi. Da ido da hannu da baki yake koyo. Kada kuma a kai yara daji. Dukan abin da ke biye ana iya yinsa a filin majami'a, da bayan gida, da gonar da ke bakin gari, babba yana tare da su.

(a) Sunaye. Wannan na 'yan shekara 4 zuwa 6 ne. Kowace Lahadi malama ta zo da ganye ɗaya, ko ɗan itace ɗaya, ko gashin tsuntsu. Ta miƙa wa yara su taɓa, su sansana, in na ci ne su ɗanɗana. Ta tambaya, "Wa ya san wannan?" In ba wanda ya sani, kada ta faɗa. Ta ce, "Ku kai wa Kaka, ku tambaye ta sunansa da amfaninsa, ku kawo mini amsa mako mai zuwa." Da haka tsofaffi za su zama malamai, gama su ne ke riƙe da wannan sani, in sun tafi kuwa da shi za su tafi. Ganye ɗaya kowane mako, a shekara yaro ya san itatuwa da tsuntsaye wajen 50.

(b) Wa ke yi wa wa aiki? Yara suna son labari, to, a ba su na gaskiya. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke yin ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Jemage, wanda yara ke jifa, shi ne ke bin furen ɗorawa da na kuka da dare yana kai garin fure daga wannan zuwa wancan, da haka suke yin 'ya'ya. A tambayi yara, "In an kore jemagu duka, ina Inna za ta sami kalwar daddawa?" Shamuwa takan zo mana gab da damina daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a cikin gari, ta cinye fara a gonaki. Ungulu tana kwashe mushe kafin ya jawo cuta, amma guba da masu sayen sassan jikinta sun rage ta, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ku kanku, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta?

(c) Kowane yaro da kututturensa. Wannan shi ne zuciyar darasin, na 'yan shekara 7 zuwa 10 ne. Da bazara, kafin sharar gona, uba ya tafi da ɗansa ko 'yarsa gona ta kusa. Su nemi kututture mai toho, ko kalgo, ko sabara, ko magarya, ko marke, ko ɗorawa. Uba ya ce, "Wannan naka ne." Yaron ne zai zaɓi tohon da za a bari, uban ne zai riƙe wuƙa. A yi yankan da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. A ɗaura tsumma mai launi a jiki domin masu huɗa da makiyaya su san an bar shi da gangan. Sa'an nan a auna tohon da jikin yaron: yau iyakar gwiwarsa, ko iyakar cibiyarsa. Da kaka a sake aunawa. Ran da itacen ya wuce kansa, ba sai an sake yi masa wa'azi ba.

Rassan da aka rage kada a ƙone su a gona. Yaron ya ɗauko ya kai wa uwarsa ta hura wuta. Bari ya ga itacensa ya fara ciyar da gida tun shekarar fari.

(d) Kusurwar da aka bari. Dattawan Ekklesiya su keɓe wata kusurwa ta filin majami'a, taki 10 tsawo, taki 10 faɗi, nesa da inda yara ke zama. A kewaye ta da ƙaya. Ba noma, ba kiwo, ba shara, ba wuta. Da kaka a share ciyawa kewaye da shingen saboda gobara. A ajiye kasko a bakin shingen, yara su riƙa zuba ruwa bi da bi da rani domin tsuntsaye. Sau ɗaya a wata aji ya je ya tsaya daga waje ya duba, malami ya rubuta abin da aka gani: wane tsiro ya fito wanda ba wanda ya shuka, wane tsuntsu ya zo. Tsuntsayen da ke shan ruwa su ne za su kawo irin ɓaure da na magarya a cikin kashinsu. A nan yara za su gane ma'anar Fitowa 23 da idonsu.

(e) Danƙo da wuta. Kowane namiji a cikinmu ya riƙe danƙo yana yaro, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Hani kaɗai ba ya aiki. A ba yara doka gajeriya wadda za su iya riƙewa: ba a taɓa sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, ba a harbin abin da ba za a ci ba, ba a cinna wa ciyawa wuta domin gafiya. A nuna musu wurin da wuta ta ci, su lissafta abin da ya mutu saboda gafiya ɗaya: tohon itatuwa, da ƙwan zabin daji, da bushiya, da abincin shanu na rani duka.

5. Gardamar da za ku ji

Wani zai ce, "Itace a gona yana tara tsuntsaye, inuwa kuma tana kashe hatsi." Akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa ake rage rassa kowace shekara, ake kuma zaɓen irin itacen da yawansa. Manomi ne mai hukunci a gonarsa. A fara da 'yan kaɗan a gefe ɗaya, a gwada amfanin wannan gefe da na wancan har shekara 3.

Wani zai ce, "Duhuwa maɓoyar macizai ce da miyagu." Saboda wannan ne muka ce yara su tsaya daga wajen shinge. Itacen da aka rage wa rassa kuwa ya miƙe sama ne, ana hangen ƙarƙashinsa daga nesa. Ba itatuwa ne suka ɗauki bindiga ba. In mun aske ƙasarmu domin tsoro, ran da zaman lafiya ya zauna sosai za mu tarar ba abin da za mu koma wa.

Wata za ta ce, "Da me zan yi tuwo?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, kada a raina ta. A Maradi mata suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar aikin, domin itacen da dā suke tafiya mai nisa nema ya komo cikin gona. A ƙasarmu kuwa, inda zuwa itace ya zama kasada ga mata da 'yan mata, itacen da ke bakin gari ya fi dā daraja. Zumuntar Mata ta ɗauki wannan magana da muhimmanci.

Wani tsoho kuma zai ce, "Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, ni ba zan gani ba." Gaskiya ne, Baba. Kaɗanyar da kake cin manta yau ma, wani ne ya bar ta, bai kuwa san sunanka ba.

6. Gargaɗi ga iyaye da malamai

Yaro yana kallon hannunmu fiye da bakinmu. In malami ya koyar da darasin sheƙa ran Lahadi, ran Litinin kuma aka gan shi yana cinna wa jeji wuta, ya rushe aikinsa. In uba ya ba ɗansa kututture, baɗi kuma ya sare shi cikin gaggawar shara, ya koya wa yaron cewa alkawarin babba ba kome ba ne. Gara kada a fara da a yi haka.

Kada kuma mu tsorata yara da zancen hamada da yunwa. Sun riga sun ji abin tsoro da ya ishe su, waɗansu ma an raba su da garuruwansu. A ba su abin da za su ƙaunata, da ɗan aikin da hannunsu zai iya. Yaron da ke gudun hijira a gidan dangi ma yana iya zuba wa tsuntsaye ruwa a kasko. Sa'ad da ya ga kututturen da kowa ya ɗauka ya mutu yana toho, zai fahimci wani abu game da garinsu, da kuma game da Allah mai rayarwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka biyu aka ba mutum a Farawa 2:15? Wanne muka fi sakaci da shi?
2. Ku lissafta itatuwa 5 da tsuntsaye 5 da kuka sani kuna yara, waɗanda 'ya'yanku ba su taɓa gani ba. Me ya kawar da su?
3. Me ya sa tohon kututture ya fi dashe saurin girma?
4. Bisa ga Fitowa 23:11, su wa ke da rabo a gonar da aka bari ta huta?
5. Wace kusurwa ce ta filin majami'arku za a iya keɓewa kafin damina mai zuwa? Wa zai kula da ita?

Ayar haddacewa domin yara: Ayuba 14:7.

Abin addu'a: Mu roƙi Ubangiji ya ba ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa salama mai ɗorewa, ya komo da waɗanda aka kora gidajensu, ya ba iyaye da malamai haƙurin koyarwa, domin 'ya'yanmu su gāji ƙasa mai inuwa. Amin.